Baba ya yi sallama a barga

Mun bar Plumstead bayan sallar asuba, Asabar ɗin da ta wuce, ni da maigidana da Baba, a tsohuwar motarmu da ba ta tashi sai an lallashe ta. Baba, mahaifina, tsohon magini ne daga Zariya. Mun kawo shi Landan a cire masa yanar ido, amma da ya ji za a sa wuƙa sai ya kafe, wai ya ga abin da zai gani a duniya. Asibitin Camberwell sun sa masa rana Litinin, shi kuwa jakarsa yake ɗaurewa. Ni dai na fito da shi ne ya sha iska, don rarrashina ya ƙare.

Muka nufi karkarar Kent, bayan garin Landan, taswira a cinyata, kaset ɗin karatu yana yi. Sau biyu na ɓatar da mu, maigidan yana ta ƙunƙuni. Muka tsaya a gefen hanya muka sayi shayi, tsada kamar da zuma aka dafa. Baba ya kurɓa ya ce ruwan zafi ne aka nuna wa ganye.

Da hantsi muka isa wani tsohon gidan gona da ake barin baƙi su zagaya. Duk na dutse ne ruwan toka, an liƙe tsakani da farar ƙasa, bangon nan kauri ya fi kamu biyu. Tagogi ƙanana saboda sanyi, rufin jan tayil ya lotsa a tsakiya don tsufa. Kafin ka kai gidan, barga ce ke fara tarbarka, ƙofarta doguwa, samanta a lanƙwashe kamar baka.

Nan fa Baba ya tsaya. Ya shafa ƙofar, ya cire takalmi a wannan sanyin, ya rangaɗa sallama. Shi a wurinsa ginin da ke gaban gida zaure ne, kuma namiji ba ya wuce zaure sai da izini. Na ce, “Baba, barga ce fa.” Ya ce, “Ke, tafi can, wa zai yi wa doki irin wannan ƙofa?” Ya sake sallama. Wallahi sai wani doki ya yi haniniya daga ciki! Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kunya ta rufe ni.

Hayaniyarmu ta fito da mai gidan, wata tsohuwar Baturiya da takalmin roba. Da aka yi mata bayani ba ta yi dariya ba. Ta ce kakannin mijinta barga suka fara ginawa, suka kwana tare da dawaki har aka gama gidan. Baba ya jinjina kai ya ce mutanen kirki ne.

Sai ya shiga bin bangon da tafin hannu, dutse bayan dutse, yadda yake shafa kanmu muna yara. Ya laluba komin dawaki, ya laluba daɓen. Da ya dawo kan ƙofar ya tambaya ina azarar da ta riƙe bakan. Tsohuwar ta ce babu itace ko ɗaya, dutse guda ne a can tsakiya ya kulle sauran. Baba ya yi ɗage ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ɗaga sanda, ita ma ta gaza. Ya daɗe yana kallon sama da idon da ba ya gani, ni kuwa na juya baya na share hawaye.

Da yamma muka kamo hanyar gida. Sai da muka hau benenmu, ina zuba masa tuwo, ya ce, “Uwata, yaushe likitan nan ya ce?” Na ce jibi. Ya ce, “To, a kwance jakar. In an buɗe idon, ku mai da ni in ga dutsen nan.”

Na yi wata guda ina roƙonsa ya dubi jikokinsa, ya dubi ni, bai motsa ba. Ashe magini da gini ake rarrashinsa. Ban yi kishi ba, na gode wa Allah, na je na kwance jakar.