Ranar da Na Ƙi Tsayawa a Hanyar Randagi

A shekarun da nake ba da labarinsu, tun ana kashe sule da sisi, ni matashin malamin gona ne a Birnin Gwari, ga farin wando ga ji da kai. Aikina zagaya ƙauyuka ina nuna wa manoma yadda ake sa takin zamani. Da taka keke cikin daji ya ishe ni, sai na sayi ɗan ƙaramin babur ja, irin wanda ake cewa ko ɗan koyo zai iya da shi. Gudu kam na iya. Tsayawa ce ta gagare ni. Da na taka birki sai ya mutu, in yi ta dukan kik da ƙafa don ya tashi, ina gumi. Wata ranar kasuwa ya yi mini haka a gaban mahauta, suka dinga dariya suna tambaya ko a kawo mini jaki ya ja shi. Bakaniken garin ya ce in zo ya koya mini, girman kai ya hana ni zuwa. Maimakon haka sai na kafa wa kaina doka, in na tashi ba na tsayawa sai inda za ni.

Wata safiya da damina, a hanyar Randagi, na hango wani dattijo, manomin da na sha cin doya a gidansa, tsaye a tsakiyar hanya yana ɗaga mini hula. A bayansa, gindin ɗorawa, babban ɗansa na kwance an ɗaure masa ƙafa da tsumma, mata sun kewaye shi. Ba sai an gaya mini ba, saran maciji ne. Na san akwai allura a asibitin gari, na kuma san da wuya wani abin hawa ya biyo hanyar nan ranar sai nawa. Amma wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne ban taɓa goya kowa ba, kuma babur zai mutu a gaban mata in sha kunya. Na ɗaga hannu kamar gaisuwa yake yi mini, na kauce ta gefensa, na wuce.

A ka suka ɗauko ɗan nasa bisa gadon kara, bai kai gari ba ya cika. Da la'asar ina dawowa na tarar da zaman makoki, a nan ne fa na tsaya. Na durƙusa gaban tsohon ina jiran zagi. Sai ya riƙe hannuna ya kira ni ɗansa, ya ce ya san ƙarar inji ce ta hana ni gane kiransa, kada in sa abin a rai, kwana ne ya ƙare. Har ya sa aka kawo mini ruwa. Na sha ruwan nan ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban iya faɗa masa gaskiya ba har shi ma ya rasu.

Ko da na tsaya zai rayu? Allah ne masani. Abin da na sani, dariyar mutane na guje wa, kuma ba ta kai a bar mutum kwance ba. Ku matasa masu sabon babur, abin da ba ku iya ba ku ce ba ku iya ba, ku je a koya muku tun kafin ranar da wani zai buƙace ku. In an ɗaga muku hannu a daji ku tsaya. Ni yau na tsufa, jikoki sun cika gida, amma har yanzu da tsohon nan zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.