Wardin matata a hannuna

Matata tana da wardi guda ɗaya a cikin rabin gangar ƙarfe, gindin katangar gabas ta gidanmu a Akokan, kusa da Arlit. Shekara goma sha ɗaya tana rainonsa, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina yi mata tsiya a kansa. Ba a miya da shi, akuya ma sai ta yi tunani kafin ta kai baki saboda ƙaya. A garin da ake lallaɓa kowace butar ruwa, ita ta zauna tana yi wa fure wanka.

Wanka kuwa na gaske. Kowace safiya, in ta gama wanke-wanke, sai ta ɗauki ruwan ɗauraya mai ɗan sauran sabulu, ta durƙusa, ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi, ta murza bayansa da yatsa. Ina zaune da shayina ina kallo, raina yana ɓaci ba gaira ba dalili.

Da aka rufe ramin ma'adini, unguwarmu ta fara watsewa. Yau wannan ya ɗaura kaya sai Maradi, gobe wancan sai Tawa. Ita ma gida take so, Damagaram, inda ƴarmu take aure. Ni ne na kafe. Shekara ashirin da uku na yi a ƙarƙashin ƙasar nan ina aikin tura wa masu haƙa iska, in na bar Akokan ban san ko ni wane ne ba. Duk lokacin da maganar ta taso, da abu ɗaya take rufe ta: "In ba don furen nan ba, Malam, da tuni ka neme ni ka rasa. Ba zai jure hanya ba." Tana faɗa tana dariya, amma na san matata. Rabinsa ba wasa ba ne.

Sai ƴarmu ta haihu, haihuwar fari, dole uwa ta je ta zauna mata kwana arba'in. Ranar tafiya, har mun kai tasha ba ta daina ba.

"Ruwa da safe, kafin rana ta hau katanga. Kuma ka wanke bayan ganyen."

"Na ji."

"Bayan ganyen fa na ce."

"Hajiya, na ce na ji. Ni da na shayar da mutum ɗari iska a cikin rami, fure ne zai gagare ni?"

Ruwa dai na ba shi, ban yi fashi ko na rana ɗaya ba. A gindi nake zubawa, inda saiwa take, yadda hankali ya nuna. Wankan ganye kuwa na ɗauka shagwaɓa ce, kuma gaskiya kunya nake ji wani ya leƙo ya tarar da ni durƙushe ina shafa fure.

A mako na biyu na ga ganyen sun fara ɗige-ɗige, fari-fari, kamar an yayyafa musu gari. Na ce ƙura ce. Kwana uku bayan haka na ƙasa suka yi rawaya suka fara zuba. Da na juya guda ɗaya, sai ga wasu jajayen ƙwari ƙanana, ba ka ganinsu sai sun motsa, sun saƙa zare siriri daga wannan ganye zuwa wancan. A kan sabon toho kuma darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta yi cincirindo, ko'ina danƙo, kiyashi na hawa da sauka abinsu. Haushi ya kama ni. Duk faɗin hamadar nan, ba ciyawa ba ganye, ta ina waɗannan ƴan banza suka ji labarin wardin matata?

Na barbaɗa toka, iska ta kwashe ta kafin azahar. Na daka ganyen dogon yaro na jiƙa na yayyafa daga sama. Darɓar ta ɗan ragu, jajayen kuwa ko gezau, don suna can ƙasan ganye a inuwa, ni ina jiƙa musu rufi.

Na je wajen wani mai garka a bayan gari, dattijo mutumin Abzin, wanda nake sayen tumatir a hannunsa. Na kai masa ganye biyu a takarda. Ya duba, ya murza, ya dube ni, ya yi magana da ƴar Hausarsa ta mutanen Abzin.

"Wannan ƙwaro ba ya son ruwa. Zafi yake so, da ƙura. Mata naka yana wanke shi?"

"Kullum."

"To kai ma wanke. Safe, safe, safe. Kwana goma, ya tafi."

Kwana goma! Ni ina son abin da zan fesa yau gobe in ga gawa. Na yi masa godiya a baki, a zuciya ina cewa tsoho bai san zamani ba. Daga nan na zarce kasuwar Arlit, wani mai tebur ya ba ni magani a kwalbar da ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Ya ce murfi ɗaya a lita biyar. Na zuba uku, don haushi.

Nan ne kuma ilimina ya cuce ni. A rami, in kana son iska ta zauna a wuri, toshe wurin kake yi, ka bi duk wata kafa ka liƙe. Na ce ai shi ya sa toka da dogon yaro ba su ci ba, iska ke sace ƙarfinsu. Sai na fesa maganin da hantsi, na kawo baƙar leda babba na lulluɓe wardin tun daga sama har bakin ganga, na ɗaure da waya, na bi gefe-gefe na danne da yashi. Aiki ya yi kyau, ko shef ɗinmu na da, shugaban aikinmu a rami, ya gani sai ya yaba. Na tafi majalisa ina jin kaina.

Watan zafi ne. Baƙar leda, ganga ta ƙarfe, ranar Arlit. Jaki ma ya san abin da zai faru, ni ban sani ba.

Da la'asar na kwance wayar, tururi ya buso mini a fuska da warin dafaffen ganye. Ƙwarin sun mutu, wannan kam ba a ƙaryata ni. Ganyen sun yi baƙi sun langaɓe, ƙunshin fure biyu da ke shirin buɗewa sun sunkuyar da kai. Washegari ina taɓa reshe komai ya zube. Na tsaya ina zagin mai tebur, na zagi leda, na zagi rana. Da na rasa wanda zan zaga, sai na zauna a ƙasa.

Sauran kwanakin ƙarya na yi ta yi a waya. In ta ce "Yaya furena?" sai in ce lafiya lau, in yi maza in tambayi jariri.

Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce gindin katanga. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta kankare reshe da farce, busasshe. Ta sauka ƙasa kaɗan, busasshe. Sai can dab da ƙasa ta sami ɗan kore. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sau nawa ka wanke bayan ganyen?"

Ba ta jira amsata ba. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta.

Jakarta tana nan bakin ƙofa, ba ta kwance ta ba. Kwana tara ta yi, ta yanke matattun rassan, ta dafa mini abinci, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. A na goma ta ce jikanta yana bukatarta, kuma yanzu ba abin da zai lalace in ta tafi. Na raka ta tasha, wannan karon ba ta bar mini sallahu ba.

Wata biyu ke nan. Kututturen ya yi toho, ganye biyar ne yanzu. Kowace safiya ina durƙusawa da ruwan ɗauraya, gwiwoyina suna ƙara, maƙwabcin da ya rage mana yana leƙowa ta katanga yana dariya, ni ko a jikina. Shekaranjiya na ɗauki hoto na aika mata, ban rubuta komai ba. Na wuni ina duba waya. Sai bayan la'asar saƙon muryarta ya shigo, gajere, ana jin kukan jariri a bayanta.

"Malam, juya ganyen in ga bayansa."