Sun Cire Sunanka, Waliu

Ranar Talata 6 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Injiniya Waliu Rasheed a gidansa na Fagge, bayan jinyar mako uku. Ni Chinyere, shekara bakwai muna zama teburi ɗaya da shi a wani ɗaki saman shago a Sabon Gari. Na so in yi wannan rubutu da sanyin rai, amma raina a ɓace yake.

Waliu, kai ka rubuta manhajar nan layi bayan layi. Da ita ake zana da'irar lantarki irin wadda sai an sanyaya ta fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba, sannan wuta ta ratsa ta babu turjiya, a kuma gwada ta a kwamfuta kafin a ƙera. Da ka kai ta cibiyar binciken da kake koyarwa, dariya suka yi maka. Shugabansu ya ce a garin da ruwan randa ke ɗumi, wa zai sanyaya waya? Ka dawo ka ci gaba da koyar da ɗalibai kyauta, ni ma a hannunka na iya.

Kwamfutarka tsohuwa ce, gwaji ɗaya yakan ci yini. Sai ka bar ta a gida tana aiki, ka sa manhajar ta rubuta wa matarka Wasilat saƙo a allo idan ta ƙare, ita kuma ta buga maka waya. Mun sha tsokanarka a kan haka.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba mutanen cibiyar suka karɓi kwafin manhajar a hannun wani ɗalibinka. Suka goge sunanka a shafin farko, suka sa nasu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Suka tara baƙi don nuna "aikin cibiya", ba su ko sanar da iyalinka ba. Na je, na zauna a baya ina cizon yatsa.

Shafin farko kaɗai suka iya karantawa, cikin kuwa ya fi ƙarfinsu. Shugaban yana tsaka da yabon kansa gwajin da suka kunna wa baƙi ya ƙare, sai rubutu ya fito a babban allo: "Wasilat, kira Waliu, aiki ya gama." Wani baƙo ya tambaya, wane ne Waliu? Ni na miƙe na ba shi amsa, kuma ba zan daina ba sai sun mayar da sunanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ilimin da ka bari ya bi ka da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Fathia da dangi na Fagge baki ɗaya. Hajiya Wasilat, Allah Ya ba ki haƙuri. Waliu, na faɗa wa matarka abin da allon ya rubuta. Sai ta ce har yanzu ba ta goge lambarka ba.