Shekarar da Na Riƙi Jimina

Nasara bai daɗe da tafiya ba a lokacin. An sa namu baƙin mutum kumandan a Dakoro, amma gardawan daji suna nan da kakinsu da raƙumansu, suna tsaron gandun da ke arewa da mu, inda aka hana farauta. Ni ina zaune da autata, shekara biyu da rasuwar maigidana, kuma ina da garka a bayan gida wadda na kewaye da dogon darni saboda awakin mutane. Duk unguwa an san ba a shiga garkata. Akuyar da ta shiga sau ɗaya ba ta sakewa, mai ita ma ba ta sake bi ta ƙofata sai an kwana biyu.

Wata ranar kasuwa mai unguwa ya yi sallama, shi da babban gardin daji, da buhu yana motsi a hannunsu. Suka kwance, sai ga wani abu kamar bushiya an ɗora ta kan ƙafafun kaza an ƙara mata wuya. Ɗiyar jimina ce. An kama ta a hannun wani da ya kashe uwar, ya kawo ɗiyar kasuwar dabbobi. Gardin ya ce in an sake ta yanzu dila ne zai yi kalaci da ita. So ake a riƙe ta har bayan kaka, ta yi ƙafa, a mai da ta gandu.

Na ce, "Duk garin nan, me ya sa sai ni?"

Mai unguwa ya kama kallon takalminsa. Gardin ya ce, "Inna, an ce mini ke ce ba ki da wasa."

"Ba a yi maka ƙarya ba."

"To abu ɗaya nake roƙo. Kada ta saba da mutum. Kada ta ci a hannu, kada ta ɗanɗana abin tukunya. Ki watsa mata yaɗiya da guna da fara ta saman darni, ki ɓoye. In ta saba, ran da muka sake ta, maharbin farko da ta gani ita za ta je wurinsa da ƙafarta."

Na ce na ji, na ɗauka, a gaban mai unguwa.

Da la'asar sankira ya zaga gari yana shela: jimina amanar gwamnati ce, baƙuwar gari duka, kowane gida ya taimaka da ciyarwa. Shi gardi ganye yake nufi. Amma mu tun zamanin Nasara, in baƙon gwamnati ya sauka, kowane gida akushi yake aikawa, a rufe da faifai mai kyau, kuma ana kallon wanda ya fito daga kowace ƙofa. Matan nan sun san tsuntsuwa ce, ba mahaukata ba ne. Sai dai wace ce za ta yarda a ce daga gidanta aka kai wa baƙuwa ɗanyen ganye?

Kashegari kafin azahar akussa bakwai ne a ƙofar ɗakina. Tuwon hatsi da miyar kuka, fura da nono, dambu. Uwargidan Alhaji mai sayen hatsi ta aiko da shinkafa da man shanu, har da cinyar zabo a kai. Na tsaya ina kallon cinyar nan. Tsuntsu za a ba tsuntsu.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce a mayar mana. Ba a mai da akushi da abinci a ciki. In kin yi haka, ko dai kin ce an zuba miki wani abu, ko kin yanke zumunci. Na gwada maƙwabciyata ta bayan katanga, wadda muka fi shekara ashirin muna aron wuta.

"Yaya, ki huta da wahalar nan. Abin daji take ci."

Ta ajiye muciya. "Ko dai na gidan Alhaji kaɗai ake karɓa? Faɗa mini in sani."

Na karɓi akushin. Kwana uku ni da autata muna fama, har ruku'u ya zame mini aiki. Jimina kuwa tana can tana tsince yaɗiyarta da tsakuwa, ba ta san ana yi ba.

A rana ta huɗu mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya zo. Mutumin bakin teku ne, siriri, da gajeren wando kamar wanda aka kora daga wanka. Ya ce a ƙasarsu akwai wani wuri a bakin ruwan gishiri inda tsuntsaye ke sauka daga nesa, mutanen ƙauye su ke tsaronsu, ko dutse ba a jifa. Ni ban gaskata ruwan da ba shi da wancan gaɓar ba, amma ban ce masa ba. Yana so ya riƙa kawo ƴan lakwal kowace hantsi su ga jimina, su zana ta a allo.

Na ce, "Mushe, ba magana, ba dariya, ba tari. Ta kafar darni za a leƙa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya miƙa hannu, ni da shi ne. Har da kai."

Ya ce ya yarda.

Rabin yaran ɗiyan gari ne. Rabin kuwa ɗiyan Fulani da Buzaye ne da aka kwaso daga daji aka raba gidajen mutane don karatu. Waɗannan sun riga mushe sanin jimina. Yana cikin bayani daga littafinsa cewa tana cusa kanta cikin rairayi in ta tsorata, wata ƴar Bafulatana ta ce cikin raɗa, "Mushe, wa ya gani?" Sai ya juya shafi.

Ni ina tsaye da tsumagiya ina kallonsu, sai na lura idon ƴan dajin ba kan darni yake ba. Kan akussa yake. Na dubi wuyan hannuwansu. Da aka gama leƙe, na ce wa mushe ya jira a zaure. Na zaunar da su bayan rumbu, na buɗe faifai. Na ce wanda ya faɗa a waje, zan sa shi garka ya kwana da jimina.

Haka muka yi wata huɗu. Akussa suna komawa a suɗe, a wanke, in sa ƙaramin gashin da ya zuba daga jikinta a ciki, tun da ba a mai da akushi wayam. Matan suka riƙa soke gashin a jikin faifansu. A bakin rijiya ana gardama kan miyar wa baƙuwa ta fi so. Man shanu ya ƙaru a kowace miya. Ni ban taɓa cewa ta ci ba. In an tambaye ni, in ce, "An cinye." Mushe ya sani, don shi ma daga baya ya daina jira a zaure.

Kuskurena shi ne da na bar ɗiyan gari suka sa hannu. Ɗiyar uwargidan Alhaji ta koma gida ta ƙi tuwo. Aka matsa mata, ta ce ta riga ta ci irinsa a gidan jimina, na innarta ne ma, ta gane shi da yawan daddawa.

Washegari da hantsi, yara suna bayan rumbu, sai ga mata sun cika mini tsakar gida. Uwargidan Alhaji a gaba da ƙwaryar fura, maƙwabciyata a bayanta.

Uwargidan Alhaji ta ce, "Yaya, yau da hannuna zan ba ta. In ga ta sha."

"Ba za ki ba ta ba."

"Taki ce? Sankira ya ce ta gari duka ce!"

Ta nufi ƙofar garka. Na ɗauki taɓarya na riga ta, na gicciya. Ta cikin darni ina jin jimina ta matso, don hayaniya ta ja ta. Fura ɗaya a hannun mutum, wata huɗuna sun tafi a banza.

Na ce, "Wallahi ƙwaryar nan ba ta wuce ni. In kina son ganin mai shan furarki, juya."

Na kira yaran. Suka fito a jere, baki duk maiƙo, mushe a ƙarshe yana ɓoye hannunsa na dama a baya. Matan suna kallon ƴan dajin nan da suka san yadda suka zo gari, yanzu kumatu sun fito.

Maƙwabciyata ce ta fara magana. "To gashin fa? Na banza muka soke?"

"Gashin nata ne. Wannan kam ban yi miki ƙarya ba."

Uwargidan Alhaji ta daɗe tana huci. Can ta dubi ƴar Bafulatanar nan ta ce, "Ke, ƴar fillo. Tsakaninki da Allah, miyar wa ta fi?"

Yarinya ta nuna maƙwabciyata.

Nan faɗa ya bar kaina. Sun fita suna yi, har bakin rijiya. Daga ranar akussa suka koma inuwar lakwal kai tsaye, kowace tana aika a tambayo mata yaran miyar wa ta fi. Ni kuma in tashi in tarar da damin yaɗiya a ƙofa, an ajiye an tafi, ba wadda ta taɓa cewa ita ce.

Bayan kaka jimina ta yi tsawo har kanta yana leƙo darni. Gardawa huɗu suka kama ta, ta shuri ɗaya a cinya, ya zauna yana salati. Babbansu ya ce alama ce mai kyau. Wanda aka shura ya ci gaba da murza cinya. Aka rufe mata kai da jaka, aka sa ta kamiyo, babbar motar kaya. Aka ce in zo, na hau, mushe ma ya hau. Ranar na fara shiga mota, na riƙe ƙarfe har hannuna ya mutu.

A bakin gandu, cikin ciyawa da ta fara bushewa, aka sauke ta aka cire jakar, kowa ya ja baya. Ta tsaya tana juya kai. Ba ta gudu ba.

Babban gardi ya ce, "Inna, ke ta fi jin motsinki. Je ki miƙa mata hannu kamar da abinci. In ta zo, mun mai da ita gari, ba ta da rai a nan."

Na gyara zane, na taka. Taki ɗaya, biyu, uku, hannu a miƙe. Ta dube ni da wannan babban idon nata, ta sauke wuya. Na ce a raina, kul kika zo. Sai ta buɗe baki ta yi mini huci kamar kububuwa, ta baza fukafukai, ta juya. Kafin in sauke hannu ta zama ɗigo can wajen itatuwan aduwa.

Mushe ya cire hula yana share ido. Ya ce, "Inna, ko waiwaye ba ta yi ba."

Na ce, "Da ta waiwaya da na jefe ta. Ku tada motar, rana na yi."