Wanzamin da Ya Ƙi Yi wa Jikana Kaciya

Tun ina saurayi nake jin ana cewa akwai gidaje a Keffi da jinin 'ya'yansu maza ba ya tsayawa, wai kuma ta wajen uwa ake gadon abin. Na ɗauka hirar zaure ce. Mu da muka taso ana ce mana jini na uba ne.

Ranar Talata, 6 ga watan Mayu, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Ubale wanzami na Gangaren Tudu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara arba'in muna zama a benci ɗaya.

Ubale, cikin wanzamai kai kaɗai na sani da kan tambayi labarin kawunnen yaro kafin ya kwance zabira. Har tsokanarka ake yi, wai kaciya za ka yi masa ko aure za ka ba shi? Ranar da na kawo maka jikana Taufiq, ka tambayi mahaifiyarsa, surukata Amarya, ina 'yan'uwanta maza. Ta ce biyu ne, kuma duk a kwanakin kaciya suka rasu. Sai ka naɗe zabirarka.

Ka ce, "Malam, ba zan taɓa yaron nan ba. Ku kai shi asibiti."

Na ce, "Jinina ne fa, ba na gidansu ba."

Ka ce, "Na ji. A gwada dai."

Shekara biyu ban gaishe ka ba. Sai da yaron ya yi famfara, jini ya kwana uku yana zuba, sannan muka nufi asibiti. Likita ya ce jikinsa ba ya yin sinadarin da ke daskarar da jini, kuma mace kan ɗauki abin lafiyarta ƙalau, ta ba wa ɗanta. Da na dawo benci, matsawa kawai ka yi. Yau Taufiq yana jami'a da allurarsa ta tsayar da jini. Ni kuwa har yanzu gefe nake zama, kamar za ka iso.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri.

Ranar sadakar uku zancen nan ya sake isko ni. Ashe kana kwance ka tuna Rumaisa, ƙanwar Taufiq, tana da tsohon ciki. Ka ce in namiji ne, kada aska ta taɓa shi sai an gwada. Wadda ta durƙusa ta faɗa mini, 'yarka ce, Ihsan.