Lasifikar da ta yi shiru a Babban Duhu

A shekarun da hanyoyinmu suka lalace saboda rashin tsaro, ni malamin firamare ne a Safana, ɗan gidan malamai, mai girman kan da ban san ina da shi ba. Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, ya fita gona wata damina bai dawo da ransa ba. Abin da ya rage mana na muryarsa shi ne karatun Alƙur'ani da na taɓa ɗauka, yana cikin tsohuwar kwamfutata wadda sautinta ya mutu. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kara, ko ranar jana'iza. Sai wata rana, tana tsince gero, ta tambaye ni ko karatun yaron nan yana nan. Na sa mata ta waya, amma kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji komai ba.

Ranar kasuwar Batsari na je neman lasifika mai araha. Mai shagon ya nuna min ƙanana masu shan wuta daga jikin kwamfuta, ya ce in tsaya ya gwada min, ya saki kiɗa. Kunya ta kama ni, kada a ga ɗan malam tsaye gaban kiɗa. Na nuna wasu manya biyu, na ce ya ɗaure kawai. Ya fara tambayata ko akwai wuta inda zan kai su, na katse shi, na ce sauri nake.

A ƙauyenmu Babban Duhu, Inna ta yi wanka, ta shimfiɗa tabarma kamar mai jiran baƙo. Sai da na kwance kwalin na ga wutar bango suke so, ƙauyen kuwa babu lantarki. Ta ɗauki ɗaya ta kara a kunne, ta daɗe, sannan ta ce in bar shi, sai wani jiƙon. Na koma Safana da niyyar canzowa, hanya ta rufe, kafin ta buɗe zazzaɓi ya ɗauke Inna.

Har yau abin yana cin raina. Jama'a, in za ku sayi lasifika, ku tambayi irin wutar da take sha, ku saurari mai kaya, ku gwada da muryar mutum kafin a ɗaure. Uwar da ta danne kara ta roƙi abu, ba za ta sake roƙa ba. Allah Ya jiƙansu, Ya haɗa ta da ɗanta.