Doña Herlinda, Mai Dasa Ɓawon Kawa a Wuyan Jita

Shekara arba'in da ɗaya, kafin masu kunun masara su sauke tukwane a bakin kasuwar Paracho, garin maƙera jita, Doña Herlinda Cacari ta riga ta zauna gaban tagarta. Da wani zarto siriri kamar gashi take yanka ɓawo mai ƙyalli na kawar teku, wata halitta mai kama da dodon koɗi, ta fitar da fure ko tsuntsu. Sai ta ɗora shi a wuyan jita, ta zagaye da tsinin allura, ta ƙwaƙule gurbinsa, ta dasa, ta cike gefe da gam da garin baƙin katako. Ko ka shafa da yatsa ba za ka ji gaɓa ba. In ka leƙa cikin jitar kuwa, sunan mai shagon da ke sayar da ita za ka gani, ba nata ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Duk ja uku na zarto sai ta hure farar ƙurar don ta ga layi, rabi kuma ya koma ƙirjinta. Bara likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in ta sake taɓa ɓawo, ɗan huhun da ya rage ba zai kai ta ko'ina ba. Ta naɗe kayan aiki.

Ana haka maƙwabciyarta Nemesia ta shigo da jitar ɗanta Fidencio, wanda ya rasu a hanyar tsallaka iyakar ƙasa, tare da wasiƙarsa ta ƙarshe. So take a dasa sunansa yadda ya rubuta shi da hannunsa.

"Na kai wa masu inji, Yaya," in ji Nemesia. "Sun gwada a wani katako, sun miƙe rubutun tsaf. Wannan ba ɗana ba ne."

Herlinda ta duba wasiƙar. "Yaron nan har ya girma rubutunsa sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa. Ajiye nan."

"Likita fa?"

"Shi zai yanka miki?"

Mako biyar ta yi, tana ja tana tari. Mu da ke wucewa muna jin tarin daga titi, kuma wallahi ba wanda ya iya hana ta. Ranar da Nemesia ta ga sunan da karkacewarsa duka, ƙasa ta zauna ta rungume jitar. Kwana uku bayan nan aka kawo wa Herlinda tukunyar iskar asibiti, har yau tana maƙale da ita.

Ke ce mai hannun da garin nan ya ci moriyarsa bai tambayi sunansa ba. Kunya ta ishe mu, Doña Herlinda, kuma mun gode.

Ku matasa, ku rufe hanci da baki, ku je ta koya muku. Har yanzu ba wanda ya je. Ku yi sauri, don yanzu kalma huɗu take yi ta tsaya neman numfashi.